Zauren da Na Kulle a Maigatari

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah Ya sa ka sauka lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya raba ka da sharrin mutum da na dabba, tun da yanzu tsakaninsu za ka zauna.

Na sa wannan takarda a ƙarƙashin rigunanka, don na san ba za ka buɗe akwatin ba sai ka isa Maigatari. Kai ne ɗan fari, ka san ba na iya zaunar da kai in dubi idonka in yi doguwar magana. Kwana huɗu na yi ina rubuta ta, kullum bayan na sauke tukunyar rana. Inda ka ga na goge, ka yi haƙuri ka wuce.

Abin da ya hana ni sukuni magana ce da ka yi ranar Juma'a. Kawunka Sale ya tambaye ka, "To, malamin dabbobi, wa ka sani a Maigatari? Wa za ka fara gaisarwa?" Ka ce, "Kawu, ni ba gaisuwa aka tura ni ba. Allura aka ba ni da hatimi. Mai son takardar shanunsa ya san inda rumfata take." Kawunka ya yi dariya ya ce, "To, sannu Bature!" Ni kuwa ina bayan ƙofa ina tsintar wake, duk a kunnena. Wannan magana ba a makaranta ka koyo ta ba, ba kuma wurin mahaifinka ka gado ta ba. Tawa ce. Na san inda ta kai ni, shi ya sa zan gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba.

Kana da shekara tara mahaifinka ya rasu, ba lalle ka tuna yadda aikinsa yake ba. Fatoma ne, wato mai saukar da fataken shanu. Kowace Laraba, jajiberin kasuwa, mutanen Dungas da na Magarya da na ƙauyukan tsallaken iyaka sukan koro dabbobinsu su sauka a gidanmu, wanda ake kira Gidan Tsamiya saboda itacen da ke ƙofar. Ya ba su wurin kwana da abinci, ranar Alhamis ya shige musu gaba zuwa kara, wato kasuwar shanu, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya musu shaida cewa saniyar nan ba ta sata ba ce. Ba shi da garke, ba shi da mota. Mutane kawai gare shi, da su muka ci, da su muka sha.

Ni kuwa a lokacin ban ga haka ba. Tukwane nake gani da itacen da ake ƙonewa. Wata Laraba na gaji, na ce masa, "Malam, wai nan gida ne ko tasha?" Ya ce, "Kulu, tashar ma ai sai wadda Allah Ya so ake sauka. Ke dai ƙara ruwa a miyar." Shekara goma sha biyu ina tuƙa wa mutanen nan tuwo, amma in ka cire biyu ko uku ban san sunan kowa ba. Na san mai tari, na san mai son yaji, na san wanda ba ya rage loma. Mahaifinka kuwa ina jiyo shi daga zaure yana cewa, "Yaya ƙafar tsohuwa? Rijiyar garinku da ta rufta, an yashe ta?" Ina cewa a raina, surutu kawai. Ashe aikin ke nan yake yi, ni ce ban gane ba.

A cikin baƙin akwai Malam Isiyaku na Dungas, amininsa. Wata shekara ya zo da matarsa Hajara don ta ga likita. Mahaifinka ya ce, "Ga 'yar'uwa na kawo miki." Na shimfiɗa mata tabarma a ɗakin ƙarshe, na aika mata abinci a kan lokaci. Kwana shida ta yi, ban zauna da ita mun yi hirar da ta wuce sannu da jiki ba. Ba ƙinta nake yi ba. Ina tsoron kada in yi maganar da ba daidai ba, ina tsoron kada mu saba ta riƙa zuwa. Ranar da za ta tafi ta ce, "Uwargida, na gode da abinci." Abincin kaɗai ta ambata, kuma ta yi gaskiya.

Don haka, Abba, ka koyi sunayen mutane. Ba na manya kaɗai ba. Masu kama maka saniya su kayar in za ka yi allura, da dillalai, da direbobin manyan motoci, da malamin dabbobi na tsallaken iyaka wanda yake irin aikinka da wani yare, duk ka san sunansu da garinsu da abin da yake damunsu. Na zauna a garin nan, na san halin makiyaya. In ba su san ka ba, ba za su yi maka gardama ba. Za su gaishe ka da ladabi, sannan su zagaya da garken ta daji. Ka wuni a rumfa da allurarka da hatiminka, ciwon huhu kuwa ya riga ya shige ta bayanka. Wanda ya saba da kai ne zai zo ya raɗa maka cewa a garin wane shanu suna tari.

Yanzu ga babban laifina. Da mahaifinka ya rasu, baƙinsa sun zo ta'aziyya har daga inda ban taɓa jin suna ba. Suka bari na gama takaba. Larabar farko bayan na fita, da la'asar, sai na ji kukan shanu a ƙofar gida. Na zo bayan ƙyauren zaure na tsaya. Malam Isiyaku ya yi sallama ya ce, "Uwargida, ba mu zo ɗora miki nauyi ba. Ki buɗe mana zaure kawai, randa da tabarma sun ishe mu. Abinci mu saya a kasuwa. Ga Tanko ya san kara, shi zai shige mana gaba. Yaron nan in ya tasa, ya tarar da gidan ubansa da rai." Tanko ƙanen mahaifinka yana tsaye tare da su, ina jin gyaran muryarsa.

Na ce, "Zauren yana yoyo."

Tsakiyar rani ne, Abba. Wani daga cikinsu ya ce, "Yoyo kuma? Ashe gidan nan damina ta riga sauka!" Aka fara dariya, Malam Isiyaku ya tsawatar. Sannan ya ce, "To, Allah Ya gyara." Suka zauna a gindin tsamiya. Ko ruwa ban aika musu ba, don ina ganin in na aika ruwa na buɗe ƙofa ke nan. Laraba ta zagayo suka dawo, na sa kwaɗo a zauren. Suka sake dawowa sau ɗaya. Daga nan suka watsu a gidajen wasu fatomomi. Tanko ya shigo ya ce mini, "Kin kashe gida da hannunki, matar yaya." Ya kwashe iyalinsa ya koma noma a Gagarawa, shi ya sa ba ka san 'ya'yansa sosai ba. Ni kuma na ɗauko ka muka dawo Gumel wurin kawunka.

Ba zan ce ba ni da dalili ba. Ina tsoron bakin mutane, a ce bazawara ta tara maza a ƙofar gida. Ina tsoron saniya ta ɓace a kai ni gaban alƙali. Ina tsoron su janye ka daga makaranta ka bi bayan shanu. Amma duk tsoron nan a cikina na dafa shi, ni kaɗai na ci. Ban je wurin liman ba, ban kira Tanko mun zauna ba, ban ko faɗa wa mutanen gaskiyar abin da nake tsoro ba. Da na faɗa, da an sami hanya. Sai na yi musu ƙaryar da ko yaro ba zai yarda da ita ba.

Aikinka aikin hani ne a wasu ranaku. Za ka tsayar da garken mutum ka ce ba zai shiga kasuwa ba. Ka hana, kada ka ji tsoro. Amma ka ja shi gefe, ka ba shi wurin zama da ruwa, ka gaya masa gaskiyar abin da ka gani a jikin dabbarsa da abin da zai yi. Kada ka ɓoye a bayan hatimi kamar yadda na ɓoye a bayan ƙyaure. Kuma kafin ka yanke hulɗa da mutum, ka sami babba a wurin aikinku ka ji ta bakinsa. Shawarar da mutum ya yanke shi kaɗai yana cikin tsoro, ba ta cika yin kyau ba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce sabo da mutane shi ne ke kawo cin hanci, an gargaɗe ku a makaranta. Ni ma ina wannan fargaba, har nakan kasa cin abinci in na tuna. To ga yadda mahaifinka yake rabewa. Furar da aka dama a ƙwarya aka ajiye a tsakiya kowa ya sa ludayi, ka sha, zumunci ne. Ragon da aka ɗaure maka a bayan ɗaki ba wanda ya gani, ka mayar, igiyar ba a wuyan ragon take ba, a naka take. Ka je suna, ka je jana'iza, ka duba marar lafiya. Wanda ya ga ƙafarka a gidansa ranar da ba ka neman komai, ba zai yi saurin kawo maka abin kunya ba.

Da laifina ya tsaya a zaure, da da sauƙi. Bayan mun dawo Gumel da kamar shekara, Garba direba, wanda ka sani, mai zuwa Maigatari duk mako, ya yi sallama ya ce, "Gwaggo Kulu, ga takarda daga Faransa." Ka san haka muke ce wa tsallaken iyaka. Na karɓa. Na ce shi ke nan, sammaci ne, wata saniya ta ɓace tun zamanin marigayi an tuno da ni. Kawunka ya iya karatu. Kai kanka kana aji huɗu, kana karanta duk abin da ka gani a jikin bango. Amma na kasa miƙa wa ɗayanku. Na ɗaga kwallar da ke ƙasan jerena na sa ta a ciki na rufe. Na ce abin da ban ji ba bai same ni ba. Takardu huɗu Garba ya kawo a cikin shekarun nan, duk nan suka tafi. Yakan ce, "Ba amsa, Gwaggo?" In ce, "Ka ce ina gaisuwa."

Ka san lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa, bayan ka tafi makarantar koyon aikin dabbobi. Na shiga ne don na gaji da a karanta mini wasiƙarka a tsakar gida kowa yana ji. Ranar da na karanta taka ta farko da kaina, daga sama har ƙasa, sai zuciyata ta ce, saura na cikin kwalla. Na yi mako ina kewaya ta. Wata safiya bayan kowa ya fita na ɗauko su.

Babu sammaci ko ɗaya. Duk daga Malam Isiyaku ne, mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa ya rubuta masa. Biyun farko gaisuwa ce, da tambayar lafiyarka, da cewa kada in sa komai a raina game da zaure. Ta uku ta ce: "Yaro ya kai shekarun da ubansa ya fara shiga kara. In an ba su hutun lakwal," wato makaranta, "ki turo mini shi tare da Garba. Zan zaga da shi in ce wa mutane ga ɗan Gidan Tsamiya. Ba zan raba shi da karatu ba." Ka ga abin da na hana ka. Da yau za ka sauka a garin da kowane dillali ya taɓa shafa kanka.

Ta huɗu a shekarar fari aka rubuta ta. Na karanta ta har na haddace. "Rijiyoyinmu sun ƙafe, shanu suna faɗuwa. Ba na roƙon komai sai inda zan ajiye Hajara da yara da 'yan shanun da suka rage kafin ruwa ya sauka. An ce ɗan'uwanki yana da gona da rijiya wajen Sule Tankarkar. Ki yi mini magana da shi. In ba hali, ki aiko da kalma ɗaya in nemi wani wuri. Ina jira a Maigatari."

Abba, gonar nan ka san ta. A shekarar rijiyar ba ta ƙafe ba, bukkoki biyu suna nan ba kowa a ciki. Da na kai wa kawunka takardar ya karanta, sai ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Kulu! Mutumin da ya ɗauki makarar mijinki? Wallahi da ko rabin magana kika yi mini, da na je da kaina na taho da su." Na tambayi Garba abin da ya faru. Ya ce Malam Isiyaku ya yi makonni yana tarar motarsa duk Alhamis yana tambaya ko akwai saƙo. Kafin ya haƙura ya nufi wani wuri, shanun ba sa iya tafiya. Ko a'a na aika masa, da ya tsira da wani abu. Shiruna ne ya tsayar da shi.

A da ina zaton amfanin sanin mutane shi ne ranar da kai za ka nema a wurinsu. Tun da ni ba na son roƙo, sai na ce ba na bukatar kowa. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana ni za a nema ba. Duk ƙanƙantar mutum, akwai ƙofar da shi kaɗai ne ya san mai ita. Kai ma za a neme ka. Wani zai ce ka haɗa shi da babban likitan dabbobi, wani zai ce ka tambayar masa yadda ake shiga makarantarku. In za ka iya, ka yi da wuri. In ba za ka iya ba, ka faɗa da wuri. Kada ka bar mutum yana tarar mota.

Kuma ka gafarce ni, da nake jera maka kaya na ga takardu biyu na abokin karatunka Lawan, wanda aka tura Gagarawa. Ban karanta ba, amma na tambaye ka ko ka amsa, ka ce, "Ba wani abu ne a ciki ba, Inna, gaisuwa ce." Gaisuwar ita ce abin. Waɗanda kuka kwana ɗaki ɗaya kuka ci wake da su, su ne gobe za su zama manya a wurare daban-daban, su ne za su faɗi halinka a inda ba ka nan. Ka rubuta masa a makon nan. Ka rubuta wa malaminku da ya tsaya maka har ka gama, ba sai kana neman canjin wurin aiki ba. Ranar hutu kuma ka hau keke ko mota ka je ka gai da baffanka Tanko. Ni na ɓata tsakaninmu, ba kai ba.

Saura wanda ya fi ba ni kunya, don ba ni da jahilcin da zan fake da shi. Yau shekara guda ke nan da na karanta takardun nan, ban amsa ba. Garba yakan tsokane ni, "Gwaggo, yanzu da kika zama 'yar boko, har yanzu ba saƙo?" In ce, "Wani makon." Na fara rubutawa ya fi sau goma, in na kai "bayan gaisuwa" sai in rasa abin da zai biyo baya. Ana cikin haka, da kaka, Garba ya gaya mini Hajara ta rasu. Ko ta'aziyya ban aika ba. A da tsoro ne ya hana ni, yanzu kunya ce, kuma a wurin wanda yake jira duk ɗaya ne.

Malam Isiyaku yana nan Maigatari. Bai koma Dungas ba. Garba ya ce yana zama a bakin kara ta gabas, yana tufka igiya yana sayar wa masu shanu. Ga abin da nake roƙonka, ban taɓa roƙonka irinsa ba. Kafin ka buɗe rumfarka, kafin ka je gaida kowa bayan hakimi da shugabanka na aiki, ka je wurinsa. Kada ka sa kakin aiki. Ka tuɓe takalmi ka zauna a ƙasa, ka ce kai ne ɗan Gidan Tsamiya. Ka yi masa ta'aziyyar Hajara. Sannan ka gaya masa gaskiya yadda na rubuta maka, kada ka gyara mini: ban karanta ba don tsoro, da na karanta kuma na yi shiru don kunya.

Kada ka nemi ya haɗa ka da kowa. In ya ga dama ya kama hannunka ya zaga da kai, ka gode wa Allah, don babu wanda bai san shi ba a kasuwar nan, kuma wanda ya gabatar ba ya zama baƙo. In kuwa ya kau da kai, yana da gaskiya. Kada ka yi fushi, kada ka ce ka sauke nauyi. Ka ci gaba da gaishe shi duk ranar kasuwa kamar yadda za ka gai da ubanka.

Abu na ƙarshe, ka tambaye shi ko zai yarda in zo da kaina. Tun ranar da na ɗauko ka ban sake taka garin nan ba, kuma ka san yadda nake tsoron mota, har Garba yana cewa in na hau tasa sai ya ɗaure ni da buhunan gero. In ya ce in zo, ka aiko mini da rana. Zan hau.

Allah Ya kiyaye ka daga ƙahon sa da harbin doki da bakin mahassadi. Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa kai ma ka zama na kirki a wurinsu. Ya jiƙan mahaifinka da Hajara, Ya yafe mini. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka riƙa tafasa ruwan sha kamar yadda kake ce mana mu yi. Kawunka da mutanen gida duk suna gaishe ka.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Kulu,
Gumel.